Fankokin Lambar Rimi da batun nukiliya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya san dogayen fankokin nan da ke tsaye a Lambar Rimi. Da wuya mota ta wuce wurin fasinja bai ce komai a kansu ba. Wani ya ce kuɗi ne aka binne, wani ya ce ai da nukiliya aka yi da tuni an huta da ɗauke wuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin jama'a.

Mene ne ainihin abin da aka kafa a Lambar Rimi?

Tashar samar da wutar lantarki ce daga iska, mai ƙarfin megawat 10. Fankoki 37 ne, kowace tana iya ba da kilowat 275 idan iska ta kai yadda ake so. Kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa ne ya ƙera su. Turken kowace ya kai mita 55, kusan ninki huɗu ke nan na Hasumiyar Gobarau, kuma fukafukai biyu gare ta, ba uku ba kamar waɗanda ake gani a hotunan Turai.

Akwai hikima a wannan ƙira. An yi su ne don tsibirai da wuraren da guguwa mai ƙarfi ke yawan afkawa, shi ya sa aka ɗaure turakun da igiyoyin ƙarfe, kuma ana iya kwantar da fankar ƙasa gaba ɗaya a gyara ta ko a kare ta daga guguwa, ba sai an nemo katafaren injin ɗaga kaya ba. Ga wuri irin namu, mai nisa da tashar jirgin ruwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Me ya sa aikin ya ci shekaru haka?

Tunanin ya faro ne a 2005, lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan jihar. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007 sai aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya. An ba da kwangila, kaya suka fara isowa, aiki yana tafiya da jan ƙafa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka kai hari Rimi suka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin. Sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta daga hannunsu a Zariya. Turawan da ke aikin suka janye, kaya suka zauna cikin rana da ƙura. Daga nan sai aka shiga zamanin sa rana: a ce za a kammala wata kaza, watan ya zo ya wuce, a sake sa wata.

Abin lura shi ne, cikin duk waɗannan dalilai babu ko ɗaya da ya shafi iska. Matsalar tsaro ce, da ta kuɗi, da ta kula da kaya. Wanda ya ce Lambar Rimi ta nuna iska ba ta yi a Katsina ya yi gaggawar yanke hukunci.

To yaya iska ke zama wuta?

Iska ta bugi fiffike, ya juya. Juyawar ta bi ta sandar ƙarfe zuwa cikin akwatin da ke saman turken, inda giya ke ƙara mata sauri, sannan janareto ya mayar da ita wuta. Wutar ta sauko ta waya zuwa taransifoma, daga nan ta hau layi. Idan ka san fankar gida, to juya lissafin: ita tana shan wuta ta ba da iska, wannan kuwa tana shan iska ta ba da wuta.

Yawancinsu sukan fara aiki idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, su kai cikakken ƙarfi wajen mita 12, su kuma tsayar da kansu idan ya kai wajen mita 25 don kada su karye. Saboda haka iskar nan ta gaban hadari, mai ɗauke kwanon gida, ba ita ake nema ba. Wadda ake so ita ce mai kaɗawa a natse, sa'o'i da yawa, ba yankewa.

Me ya sa kamfanoni ke ta rige-rigen ƙera manya-manya?

Nan ne zuciyar maganar take, kuma lissafi biyu ne.

Na farko, ƙarfin da ke cikin iska ba daidai yake tafiya da gudunta ba. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin kan ninka sau takwas. Ko ƙarin da ake ganin ƙanƙane ne yana da tasiri: daga mita 5 zuwa mita 6 a daƙiƙa, ƙarfin ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Iska kuwa can sama ta fi gudu, ta fi natsuwa, don a ƙasa bishiyoyi da gidaje da tuddai na tare ta. Duk wanda ya taɓa kwana a kan soro lokacin bazara ya san bambancin da ke tsakanin nan da tsakar gida. To ka ƙaddara wannan bambancin tsakanin mita 55 da mita 120 na turakun manyan fankoki.

Na biyu, faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa. Ta fankokin Lambar Rimi wajen mita 32 ne daga gefe zuwa gefe. Manyan da ake kafawa a doron ƙasa yanzu, masu megawat 4 zuwa 6, tasu ta kai mita 150 ko fiye. Tsawon bai kai ninki biyar ba, amma filin iskar da suke kamawa ya haura ninki ashirin, kimanin filin ƙwallo biyu da rabi a tsaye cikin sama. Fanka biyu irin waɗannan sun yi daidai da duk 37 ɗin da ke Lambar Rimi a kan takarda, a aikace kuma za su fi su, saboda tsayinsu.

Na cikin teku sun ma wuce nan. Samfurin Haliade-X na kamfanin GE fiffikensa ɗaya mita 107 ne, ya fi filin ƙwallo tsawo, kamfanonin Sin kuwa sun haura megawat 16 a fanka guda. Akwai dai iyakar da ba a tsallakewa: wani masanin Jamus, Albert Betz, ya nuna tun fiye da shekara ɗari da suka wuce cewa babu fankar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Tunda ba za a iya matse iska fiye da haka ba, abin da ya rage shi ne a ƙara tsayi a ƙara faɗi.

Yaya ake kafa irin waɗannan manyan, kuma za a iya kawo su nan?

Kafin a haƙa ko rami ɗaya sai an kafa dogon ƙarfe mai na'urorin auna iska, a bar shi aƙalla shekara guda, ya ga hunturu da bazara da damina da kaka. Banki ba ya ba da bashi sai ya ga waɗannan alƙaluma. Bayan nan a buɗe hanya, a haƙa tushe mai faɗi a zuba masa rodi da kankare lodi-lodi, a jira ya bushe ya yi ƙwari. Turken guntu-guntu yake zuwa, a ɗora wannan kan wancan a ɗaure da ƙusoshi. Sai a ɗaga akwatin janareton, sannan fukafukai. Abin dariya, ranar da iska ke kaɗawa sosai ba a iya ɗaga fiffike, sai an jira ta lafa. Iska na wahal da mai kayan kara, har mai kayan nata ma ba ta bar shi ba.

Wahalar tamu ita ce hanya. Fiffike mai mita 70 ba ya naɗuwa, kuma yawanci ba ya rabuwa. Ka ɗora shi a tirela daga tashar jirgin ruwa ta Legas, ka bi da shi fiye da kilomita dubu zuwa Katsina, ta cikin garuruwa da shataletale da gadoji da kwanoni. Kowace kwana sai an auna ta tukuna. Ga injin ɗaga kayan da zai kai mita 120, wanda shi kansa a kan tireloli da yawa yake zuwa. Abu ne mai yiwuwa, amma kuɗinsa na cikin farashin wutar da za a sayar maka.

Wasu ƙasashen Afirka sun yi?

Sun yi. Kenya na da tashar Tafkin Turkana mai megawat 310, fankoki 365, a wani yanki busasshe mai nisa da birane. Senegal na da ta Taiba Ndiaye mai kusan megawat 159, fankoki 46 kacal, ka ga bambancin girma ke nan. Maroko da Masar da Afirka ta Kudu duk sun yi nisa.

Labarin Kenya ya fi dacewa da mu. An gama kafa fankokin a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammalu ba. Haka suka zauna fiye da shekara, sai a 2018 wuta ta fara tafiya. Tuwo ya nuna babu kwanon kwasa.

Idan iska ta tsaya fa?

Wuta ta tsaya. Babu wata kwana-kwana a nan, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu son nukiliya. Fankar da aka rubuta mata megawat 5 ba megawat 5 take bayarwa dare da rana ba. Idan aka haɗa shekara aka raba, tashoshin kan tudu kan ba da kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na abin da aka rubuta musu, gwargwadon kyawun wurin. Tashoshin nukiliya na Amurka kuwa suna haura kashi 90.

Bari mu buga misali. Tukunyar nukiliya, wato injin da ke zuciyar tashar, mai megawat 1,200, a kashi 90, tana ba da matsakaicin megawat 1,080. Idan muka ɗauka manyan fankoki masu megawat 5 na aiki a kashi 30, sai an kafa 720 kafin su kamo ta a lissafin shekara. Ko an kafa ɗin, ranar da iska ta kwanta dole a sami abin da zai riƙe gari: ruwa irin na Kainji da Shiroro da Zungeru, ko gas, ko batura.

Sa'ar da muka yi a arewa ita ce iskar hunturu ta fi kaɗawa daidai lokacin da ƙura ke dusashe rana, kuma iska kan kaɗa da dare lokacin da sola ke barci. Haɗa su biyun a wuri guda, a kan layi guda, ya fi kowanne shi kaɗai amfani.

To me zai hana a yi nukiliya kawai a huta?

Kuɗi, lokaci, da layin wuta.

Tashar nukiliya tukunya ce ta dafa ruwa. Ana tarwatsa ƙwayoyin yuraniyom, su fitar da zafi, zafin ya mayar da ruwa tururi, tururin ya juya injin. Ba hayaƙi, ba jiran iska, kuma tana iya yin shekara 60 tana aiki, alhali fanka shekara 20 zuwa 25 ake yi mata lissafi. Wannan duk gaskiya ne. Amma dubi tarihin ginawa. Finland ta fara tukunyarta ta uku a Olkiluoto a 2005, ba ta shiga cikakken aiki ba sai 2023. Sababbin tukwane biyu na tashar Vogtle a Amurka sun yi lattin shekara bakwai, kuɗinsu ya haura dala biliyan 30. Wanda ake yabo shi ne na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda 'yan Koriya ta Kudu suka gina tukwane huɗu a Baraka, megawat 5,600, daga 2012 zuwa 2024. Shi ɗin ma shekara goma sha biyu ke nan, a ƙasar da kuɗi ba ya yanke mata. Masar na gina tata a Daba'a, megawat 4,800, da bashin dala biliyan 25 daga Rasha.

Sai maganar layi, wadda ba a cika kawowa ba. Injiniyoyi na da wata ƙa'ida: kada inji guda ya wuce kashi goma cikin ɗari na duk wutar da ke kan layin ƙasa, don idan ya tsaya farat ɗaya kada ya ja kowa ƙasa. Wutar da ke isa ga jama'a a Najeriya tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Tukunya guda mai 1,200 ta kai kusan rubu'in wannan. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ita kanta tashar nukiliya tana buƙatar tsayayyar wuta daga waje don sanyaya tukunyarta ko bayan an kashe ta, mu kuwa babban layinmu sau da yawa yake durƙushewa a shekara guda.

Najeriya ba ta da komai na nukiliya ke nan?

Tana da shi, kuma kusa da mu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike mai kimanin kilowat 30, ƙirar Sin, tana aiki tun 2004. Ba ta ba da wutar gari, gwaje-gwaje da horar da masana ake yi da ita. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa kuwa tun 1976 aka kafa ta. An ware Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha, an kuma sa hannu a kan yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha, amma ba a aza tubali ba.

Ka lura da wuraren biyu: ɗaya kusa da Kogin Kwara, ɗayan a bakin Kogin Kuros Riba. Tashar nukiliya ruwa take sha mai yawan gaske don sanyaya. Dam ɗin Zobe da na Jibiya da na Ajiwa da na Sabke ruwan sha da na noman rani ake jira daga gare su. Don haka ko an yi nukiliya a Najeriya, ba a Katsina ko Daura za a kafa ta ba. Ta waya za ta zo mana, kamar yadda wutar Kainji da Shiroro ke biyowa ta Kano ta iso nan.

Ai yuraniyom ɗin a maƙwabtanmu Nijar ake haƙowa, ba zai zo da araha ba?

Gaskiya ne, tun farkon shekarun 1970 ake haƙar shi a Arlit. Amma abin da ke fitowa daga rami ba ya shiga tukunya kai tsaye. Sai an tace shi, an inganta shi, an ƙera shi sanduna, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke wannan aiki. Kuɗin makamashin ma ƙaramin kaso ne, ginin da ruwan bashinsa ne ke cinye kuɗi. Ita Nijar ɗin, duk da yuraniyom ɗinta, shekara da shekaru daga Najeriya take sayen wuta.

Wanne ya fi haɗari?

Kowa ya ji labarin Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011, inda aka kwashe dubban mutane daga garuruwansu. Duk da haka, idan aka auna yawan mace-mace da yawan wutar da aka samar, nukiliya da iska da sola duk suna can ƙasa, kwal ne ke kan gaba saboda hayaƙi. Janareton da ke ruri a ƙofar shago, ko wanda ake kunnawa a cikin gida a rufe ƙofa, ya fi su duka kusa da ranka. Wajen gurɓata yanayi ma iska da nukiliya kunnen doki suke, wajen giram 12 na iskar kabon kan kowane yunit, kwal kuwa ya haura 800.

Bambancin yana cikin irin haɗarin. Fanka idan ta lalace, ƙarfe ne ya tsaya a gona. Tukunya idan aka yi mata sakaci, magana ce ta yanki guda da shekaru masu yawa, ga sharar da sai an killace ta dubban shekaru. Finland ta haƙa mata ma'ajiya a cikin dutse, zurfin fiye da mita 400. Tashar wuta dai ba bam ba ce: yuraniyom ɗinta ana inganta shi ne zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na bam kuwa wajen kashi 90.

Su Turawan da suka fara wannan gardama, wa ya yi nasara?

Har yanzu ana yi. Faransa na samun kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nukiliya. Jamus ta rufe tukwanenta uku na ƙarshe a watan Afrilu 2023, ta jingina da iska da rana, kuma ranakun sanyi da babu iska babu rana sai ta koma ga gas da kwal da sayen wuta daga maƙwabta. Denmak na samun fiye da rabin wutarta daga iska, amma tana da layukan da suka haɗa ta da madatsun ruwan Norway da Sweden.

Sai dai gardamarsu ta masu ƙoshi ce. Suna da wuta, suna zaɓen wadda za su bari ne. Mai walda a Ƙofar Ƙaura da mai niƙa a Daura ba zaɓi suke yi ba, man janareto ne ke cinye musu riba. A ganina iska da rana ne suka dace da jihar nan, ba don sun fi nukiliya komai da komai ba, sai don ana iya yin su kaɗan-kaɗan: a kafa goma su fara ba da wuta, a ƙara goma baɗi. Farashin wutar iska ma ya faɗi da fiye da rabi tsakanin 2010 da 2020. Nukiliya kuwa ba ta ba da ko ƙwan fitila ɗaya sai ranar da aka gama ta duka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, abin da jiha za ta iya amfani da shi wajen iska da sola, ba nukiliya ba.

Fankokin na kore hadari ko cutar da amfanin gona?

A'a. Gajimaren ruwa na haɗuwa ne can sama nesa da inda fiffike ke kaiwa. Fankokin ba sa fitar da wani tururi ko guba. Suna da ƙara, wani irin shuu-shuu, kuma da safe da yamma inuwar fukafukan kan riƙa giftawa, shi ya sa ake nisanta su da gidaje. Suna kashe tsuntsaye da jemagu, don haka ba a son kafa su a hanyar ƙaurar tsuntsaye ko kusa da fadama. Mu a nan babban abokin gabarsu ƙura ce: tana cin gefen fiffike, tana toshe matatun iska, tana shiga man giya. Zafin bazara kuma na wahalar da na'urorin ciki.

Idan aka zo neman gonata don kafa fanka, me zan tambaya?

Fara da sanin haya ce ko saye, domin fankar ƙaramin wuri take ci, tushenta da hanyar zuwa gare ta, sauran gonar kuwa ana ci gaba da shuka gero da dawa da wake, dabbobi na kiwo a ƙarƙashinta. A ƙasashe da yawa manomi kuɗin haya yake karɓa duk shekara, gonar kuma tana hannunsa. Tambayi shekara nawa ne, da wanda zai biya diyyar amfanin da manyan motoci za su tattake lokacin aiki, da wanda zai cire ƙarfen da kankaren idan wa'adi ya cika. Tambayi ko ƙauyenku zai sami wuta daga ciki, don wutar babban layi take hawa, tana iya wucewa ta saman rufinka kana kunna aci-balbal. Kome aka amince a rubuta shi, mai unguwa da dagaci su shaida, idan gonar ta gado ce kuma kowane magaji ya sa hannu, kai ma ka riƙe kwafinka.